Takalmin Tsani, Takalmin Turmi

Ni ba na zuwa kallon ƙwallon kwando. Ba tsanarta na yi ba, buƙatar zuwa ce ba ni da ita. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyaran takalmi a rumfata da ke bayan filin wasa, tsakanin mai walda da mai faci, kuma duk abin da ɗan wasa ya aikata a filin nan, takalminsa ne ke zuwa washegari ya kawo mini ƙararsa. Yaro yana iya kallon kocinsa ido cikin ido ya ce lafiyarsa lau. Ƙasan takalmi bai iya wannan ba. Inda ya cinye, nan nauyin mai shi yake sauka, kuma inda nauyi ke sauka yau, nan ciwo zai sauka gobe.

Kocin ƙungiyar matasa ya fi kowa sanin haka, domin a kansa na fara yin suna. Yana ɗan shekara ashirin na juya takalminsa na ce masa gwiwarsa ta dama ba za ta kai shi talatin ba in bai gyara saukarsa ba. Ya yi dariya, ya ce in tsaya a kan basillata da zarena. Yanzu in zai hau matakala sai ya dafa bango. Tun daga nan ba ya yanke babban hukunci a kan ɗan wasa sai ya kawo mini takalminsa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi ya shigo yana ɗingisawa, ɗana na biye da shi da jaka a kafaɗa. Ɗan nan shi ne autana, shekararsa goma sha bakwai. A fili Tsani suke ce masa saboda tsayi, sunan ya bi shi har gida, uwarsa ma da ta fi kowa faɗa a kai yanzu da shi take kiransa. In zai shigo rumfa sai ya sunkuya, duk da haka sai kwanon rufi ya gaishe shi.

Koci ya zauna a kan bencin masu jira ya miƙe ƙafar nan tasa, ya ce, "Baba, kwana uku ke nan kaina ya ƙulle. Makarantar horar da 'yan wasa ta ba mu gurbi ɗaya. Shekara uku, karatu da ci da sha da horo, duk a kansu. Lamba huɗu suke so, kuma ranar Litinin da azahar suke son suna."

Lamba huɗu, ga wanda bai sani ba, shi ne ƙaton da ke tsayawa kusa da kwando yana kokawar ƙwace ƙwallon da ta dawo daga allo, amma kuma ana so ya iya ja baya ya jefa daga nesa. Ƙungiyar tana da irinsu biyu. Ɗaya ɗana, ɗaya kuma Turmi, ɗan mai ɗinkin da ke ƙarshen layinmu. Tun suna firamare suke tare, a kwano ɗaya suka tashi suna ci.

Na ce, "To ai kai ke tare da su kullum. Wa ya fi?"

Ya ce, "Da wanda ya fi yau suke tambaya, da tuni na gama. Turmi ne. In ya kafa baya a ƙarƙashin kwando, ko mota ka kawo sai ta yi da gaske. Hannunsa ba ya ɓari, kansa a sanyaye yake, yana ganin wasa kafin ya faru. Maki goma sha takwas yake ci mini a kowane wasa. Amma ba shi suke tambaya ba. Cewa suka yi wa zai fi nan da shekara bakwai."

"Sai ka ce me?"

"Sai na rasa ta cewa. Turmi gajere ne a wannan matsayi, Tsani ya ba shi yatsa huɗu a tsaye, in kuwa suka miƙa hannu ba a ma magana. Jifan Turmi daga nesa ba ya kaiwa. Shi kuma wannan," ya nuna ɗana da haɓa, "yana gudu kamar ƙaramin yaro, yana marin ƙwallo a sama, jifansa na nesa ya fara shiga. Amma iska mai ƙarfi ma tana iya ture shi. Ƙwallo na suɓuce masa, laifi biyar yake kwasa kafin a je ko'ina, in alƙalin wasa ya ɓata masa rai kuma shi ke nan, ka rasa shi minti goma. Turmi ya kusa nuna, na san ɗanɗanonsa, amma ina tsoron na san iyakarsa. Tsani ɗanye ne shar. Yana iya zama abin da ban taɓa horarwa ba, yana kuma iya zama dogon banza."

Ɗana ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya ce, "In fita ne, Baba?"

Na ce, "Zauna. Ni ba na maganar mutum a bayan idonsa."

Koci ya zazzage jakar a kan teburina. Takalma ne ƙafa biyu, shuɗaye, iri ɗaya sak, cikin waɗanda aka ba ƙungiya a kwali guda farkon kakar wasa. Abin da ya raba su kawai sunan da Koci ya rubuta da biro a cikin harshen kowanne. Na goge tabarau, na jawo fitila kusa duk da rana ce, domin akwai ladabin aiki.

Na fara da mai sunan Turmi. Arba'in da takwas. Da na juya shi sai da na sake dubawa, don na daɗe ban ga ƙasan takalmi mai kyan wannan ba. Cin ya tafi daidai a dama da hagu, kamar an sa ma'auni. Ƙarƙashin babban yatsa akwai ɗan da'ira sumul inda yake juyawa, kuma da'irar tana nan a ƙafa biyun, ma'ana yaron yana juyawa ta ko'ina. Dunduniya kuwa kamar ba ta taɓa ƙasa ba.

Na ce, "Koci, wannan ƙafar saukar kyanwa take yi. Ba ta dukan ƙasa, gaishe ta take yi. Kuma ka daina kukan gajarta. Yaron da ke sa arba'in da takwas a wannan shekarun bai gama tashi ba. In ka ga kwikwiyo da manyan dagi, ka tanadi babbar sarƙa. Ƙafar da ke cikin takalmin nan za ta yi shekara goma sha biyar tana wasa, in Allah ya kiyaye tsautsayi. Ka rubuta ka ajiye, ni na faɗa."

Sannan na ɗauki mai sunan ɗana. Arba'in da shida, lambar da ni da kaina na auna masa bara. Na dama ba laifi. Da na juya na hagu sai na ga wani abu dabam. Gefen ciki ya cinye har farar roba ta fito, dunduniyar ta kwanta ciki kamar bangon da ruwa ya ci gindinsa. Na ajiye shi a kan tebur, ya karkata da kansa. Na san wannan karkatar. Na gan ta shekara ashirin da suka wuce a takalmin mutumin da ke zaune a gabana.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Na ɗan lokaci ne, amma na yi. Sai girman kai ya zo ya taimaki gaskiya, domin ba na so a ce wata rana mai takalmi ya ga abu ya rufe ido saboda nasa ne.

Na ce, "Duk saukar da ya yi, gwiwar hagu faɗawa ciki take. A nan da kuke atisaye sau uku a mako tana ɗauka. A can da za a yi sau biyu a rana, ba na ba ta shekara biyu. Ka tura Turmi."

Koci ya dube ni ya ce, "Baba, ɗanka ne fa."

"Na fi ka sani. Takalmi bai san ɗan wa ba."

Ɗana ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi takalmin farko, ya dube ni, sai ya rufe. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi magana. Koci ya tashi da ƙyar, ya ce in riƙe takalman in ɗan taɓa su kafin atisayen Asabar, ya fita. Zuciyata ta yi nauyi, amma a ƙarƙashin nauyin ina jin daɗin kaina, ina cewa ba kowane uba ne zai iya abin da na yi ba.

Matata ba ta ga haka ba. Malamar firamare ce, na same ta a falo da tarin littattafan yara tana maki da jan biro, kuma da irin wannan idon ta dube ni.

Ta ce, "Sannu da aiki. Na ji ka soke ɗanka da basilla."

Na ce, "Na cece shi daga gurguncewa dai."

"Kai da ko sau ɗaya ba ka taɓa taka filin nan ka ga yadda yake wasa ba? Taku arba'in ne fa daga rumfarka."

"Ba na buƙata."

Ta ce, "To, mai gani har hanji. Tunda ka gano cutar, sai ka nemo maganin. Ko aikinka ya tsaya a yanke ƙauna ne?"

Maganar ta sosa ni, don gaskiya ce. Akwai abin da nake yi wa irin wannan ƙafar: shimfiɗar ciki ta roba da fata, mai ɗan tudu ta gefen ciki, wadda ke tallabe tafin ƙafa ta hana gwiwa zamewa. Ba ta warkarwa, amma tana sayen lokaci. Na ƙudurta zan yi wa ɗana irin wadda ban taɓa yi wa kowa ba.

Ranar Juma'a Koci ya shaida wa Turmi cewa shi za a tura. Kafin la'asar uwarsa mai ɗinki ta zo rumfa, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, ido ya yi ja don kukan murna. Ta ce ta ji ni na yi wa ɗanta shaida, har na fifita shi a kan na cikina. Ta yi ta sa mini albarka har mai walda ya kashe injinsa don ya saurara. Ni kuwa na yi ta cewa ba komai, gaskiya ce kawai, ina gyara zama kamar wani alƙali.

Asabar da safe na shimfiɗa kwali a kan simintin tsakar gida, na fiƙe fensir, na kira ɗana.

"Cire silifas ka hau."

Ya ce, "Baba, ka bar shi mana. Ba ta yi mini ciwo."

"Haka kowa ke cewa. Hau."

Ya hau yana jan jiki. Na durƙusa na bi gefen ƙafar hagu da fensir tun daga dunduniya har yatsu. Da ya sauka sai na zaro tsohuwar shimfiɗar da ke cikin takalminsa na ɗora a kan zanen don in ga inda zan ƙara tudu. Zanen ya wuce ta da yatsa biyu cur.

Na ce fensir ne ya kwanta. Na juya kwalin, na sake hawar da shi, na riƙe fensirin a tsaye kamar ƙusa. Yatsa biyu. Na dubi tafin ƙafar kuma, ga shi da kwarminsa mai kyau, idon sawu a miƙe, ba alamar karkata ko ɗaya.

Na miƙa masa takalmin na ce, "Sa."

Ya tura yatsu, ya danna, ya buga ƙasa. Dunduniya ta ƙi shiga, ta tsaya a waje tana kallona.

"Takalmin wa kake sawa a fili?"

Ya kau da kai. Sannan ya ce, "Na Turmi. Wata bakwai ke nan. Ranar rabo arba'in da shida ya ƙare, sai aka ba shi arba'in da takwas, yana cusa soso a gaba. Ni kuma nawa ya fara matse ni har farcena ya yi baƙi. Sai muka musanya a ɗakin canza kaya. Ba ɓoyewa muka yi ba, ba wanda ya tambaya ne."

Na zauna daɓas a kan siminti. Ashe ƙafar da na yi wa kirari a gaban Koci, mai saukar kyanwa, mai shekara goma sha biyar, a gidana take kwana. Gwiwar da na yanke wa hukunci kuwa ta Turmi ce, yaron da ni da bakina na ce a tura inda za a ƙarasa ta. Shekara talatin da ɗaya ina karanta ƙafafun 'ya'yan mutane, ƙafar ɗana ta ƙara lamba biyu a gabana ban sani ba. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba.

Na ce, "Kana tsaye ranar Alhamis. Me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Na so in yi. Da ka ce shekara goma sha biyar, na so in ce tawa ce, don kawai ka sani. Ba ka taɓa faɗin irin wannan a kaina ba. Amma da ka juya ɗayan sai na gane in na buɗe baki Turmi ya faɗi. Baba, ka bar shi haka, don Allah. Ni ina da baɗi. Ya girme ni da wata goma, baɗi shekarunsa sun wuce waɗanda makarantar ke ɗauka."

Maganarsa ta farko ta shige ni har ƙashi, amma na ajiye ta gefe, don ba lokacinta ba ne. Na ce, "Kana ganin alheri kake masa? In ya tafi da gwiwar nan, kafin shekara biyu za a dawo da shi da sanda. Gurbin ya tafi, ƙafar ta tafi. Wannan ba abota ba ce, rakiya ce zuwa rami."

"Mutane za su ce ka shirya ne don ni."

"Su ce."

Na faɗe shi da ƙarfi, amma ban motsa daga inda nake ba. Matata da ke tsaye a ƙofar kicin ta ji komai. Ta ce, "Wanzami dai ba ya son jarfa. Ka iya faɗa wa kowa kuskurensa, yau naka ne. Tashi ka je, ko in kai takalman da kaina."

Da yamma na sa takalman a jaka, na yi taku arba'in ɗin nan. Filin siminti ne mai fenti kore da ya fara ɓarewa, allunan biyu sun sha rana, ragar ɗaya ta yage rabi. Yara suna ta zagaye suna ɗumama jiki da silifas suna jiran a fara. Da suka gan ni sai suka tsaya, kamar sun ga kifi a kan keke.

Na ja Koci gefe na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurara yana murza goshi.

Ya ce, "Baba, shekaranjiya Turmi, yau ɗanka. Na riga na faɗa wa yaron, uwarsa ta faɗa wa duniya. Me zan ce wa mutane?"

Na ce, "Ka ce mai takalmi ya yi kuskure a suna, bai yi a ƙafa ba. Abin da na faɗa a kan kowane takalmi yana nan daram. Kuma kar ka yarda da bakina, gani ya kori ji. Kira su."

Ya kira su biyun, ya sallami sauran zuwa ɗaya kwandon. Na ba kowa takalmin da ke da sunansa. Turmi ya zura nasa, ƙafar tana iyo a ciki. Ɗana ko gwadawa bai yi ba, ya riƙe nasa a hannu yana kallon ƙasa. Turmi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Mun musanya ne, Koci. Laifi ne? Ni ban san takalmi aka duba ba."

Na ce, "Ba laifi ba ne, ɗana. Sa wanda ka saba. Ka yi tsalle ka taɓa allo sau goma, kar ka huta."

Koci ya tsuguna a gabansa da ƙyar, ni ma na tsuguna. Tsallen farko zuwa na biyar ba ka ganin komai, don ƙarfin cinya yana rufe asiri. A na shida gwiwar hagu ta leƙa ciki. A na takwas ta faɗa sosai, har ta kusa gaida ta dama. Na ga hannun Koci ya tafi kan tasa gwiwar ba tare da ya sani ba.

Ya ce, "Tana maka ciwo?"

Turmi ya ce, "A'a."

"Dube ni."

"Da safe ne kawai, kaɗan. In na taka sai ta saki."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

Koci ya juya. Ya yi wa ɗana alama. Tsani ya yi nasa goman, kuma a nan na fara ganin ɗana a sama. Yana tashi kamar ba shi da nauyi, tafin hannunsa na mannuwa da allo can sama da bakin kwando, in ya sauko kuma ba ka jin ƙara. Na goma daidai yake da na farko. Abin da takalmi ya faɗa mini gaskiya ne, amma bai faɗa mini rabin kyan abin ba. Alfahari ya cika ni, ga shi ba halin nunawa, don yaron da ke tsaye kusa da ni duniyarsa ce ke rushewa.

Koci ya miƙe ya dafa kafaɗar Turmi. Ya ce, "Yau ka fi shi, kuma ka sani. Amma in na tura ka da wannan gwiwar, na zalunce ka. An taɓa faɗa mini irin wannan ban ji ba, ga ni nan kana gani. Tsani zan rubuta. Kai kuma asibiti za ka je kafin ka ƙara taɓa ƙwallo a filina."

Turmi bai yi musu ba, bai kuma yi kuka ba, da ma ya yi. Ya sunkuya ya kwance igiyoyin a hankali, ya cire takalman, ya jera su a gaban ɗana. Ya ce, "Ga naka." Ya juya ya fita daga filin da safa kawai, yana taka tsakuwa. Ɗana ya bi shi da gudu, bai ko waiwaye ni ba.

Ranar Litinin sunan Tsani ya tafi. A gida ba wanda ya yi murna a bayyane. Ɗana yana gaishe ni da safe, yana gaishe ni da yamma, tsakaninsu ba komai. A layi kuwa magana ta bazu cewa mai takalmi ya yi wa ɗan mai ɗinki ƙafar ungulu. Mai walda da kansa ya leƙo ya ce, "Baba, ashe kai ma ka iya walda, ka narka suna ka liƙa wani." Na ce masa ya koma kan ƙarfensa kafin in duba nasa takalmin in faɗa wa matarsa inda yake zuwa. Na san abin da na yi daidai ne, ko yau aka sake sai in maimaita. Amma sanin kana da gaskiya ba ya hana abinci ɗaci a baki.

Ranar Laraba ina cikin ɗinke wata jakar makaranta sai inuwa ta rufe ƙofar rumfa. Mai ɗinki ce, Turmi na bayanta, can baya kuma ɗana ya jingina da bangon mai faci yana yi kamar wucewa yake. Ba ta yi sallama da fara'a ba. Ta ajiye wata takarda a kan teburina ta danne ta da yatsa.

Ta ce, "Ɗanka ne ya ja shi asibiti, kwana biyu suna layi. Likitan ƙashi ya ce an ci sa'a an gani da wuri. Wata shida na motsa jiki, da wani abu da za a sa a cikin takalmi. Ya ce a nemi wanda ya iya." Ta ja numfashi. "Kar ka ga na zo ka ɗauka na huce. Ban huce ba. Ka sa na yi guɗa a layi, ka dawo ka sa na haɗiye ta. Amma duk garin nan ba wanda ya iya sai kai, ga ƙafar."

Na ce, "Kina da gaskiya, kuma na karɓi laifina."

Na shimfiɗa kwali, Turmi ya cire silifas ya hau. Ina durƙusawa sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda uwarsa ba za ta ji sosai ba.

"Baba, Koci ya ce ka ce zan ƙara tsayi. Wannan ma ba tawa ba ce, ko?"

Na so in lallashe shi, amma na riga na ga abin da zaƙin baki ya jawo. Na ce, "Ba taka ba ce. Ƙafarka ta tsaya, tsayinka ke nan."

Ya ce, "To wasan fa?"

"Wasa kam za ka yi shi, ka daɗe kana yi, ka wahalar da dogaye irin wancan da ke laɓe a bango. Sharaɗin ɗaya ne, ka daina ɓoye ciwo."

Ya gyaɗa kai, hawayen da ya hana fita ranar Asabar ya ɗigo a kan kwalin, kusa da babban yatsansa. Uwarsa ta kau da kai tana gyara tef ɗin wuyanta, sannan ta ce, "Ka dai duba da kyau wannan karon. Ka tabbatar ƙafar ɗana ce."

Na kama idon sawunsa da hannun hagu, na ji ɗumin kumburin da ke hawa zuwa gwiwa, na kafa fensir a dunduniya na fara zagayawa.